Gasar Waƙa ta Eurovision: Shin Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi?

Kowace shekara idan watan Mayu ya kama, lokacin da muke fama da shirya ɗalibai domin jarrabawar fita, akwai wani dare guda da nakan ajiye jan biro da littattafan yara, in zauna gaban akwatin talabijin. A wannan dare ne ake yin zagayen ƙarshe na gasar waƙa ta ƙasashen Turai, wadda ake kira Eurovision. Abokan aikina sun sha yi mini tsiya, wai me malamin Hausa yake nema a dandalin rawar Turawa? Ba na musun cewa akwai shiga da rausaya a cikinta waɗanda ba su dace da tarbiyyarmu ba, shi ya sa ma ni kaɗai nake kallo. Amma akwai wani al'amari a tarihin wannan gasa da ya shafi duk mai riƙe da alƙalami, wato al'amarin harshe, kuma a kansa nake so mu ɗan yi nazari.

Ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta Turai ce ta ƙirƙiro gasar, aka fara ta a birnin Lugano na ƙasar Siwizalan a shekarar 1956, da ƙasashe 7 kacal. Kowace ƙasa takan aiko da sabuwar waƙa wadda ba ta wuce minti 3 ba, sannan sauran ƙasashe su ba ta maki, mafi yawa shi ne 12. Daga nahiyarmu Maroko ce kaɗai ta taɓa shiga, a 1980, da waƙar Larabci, ta zo ta kusa da ƙarshe, ba ta kuma sake komawa ba.

Daga 1966 aka kafa doka cewa dole kowace ƙasa ta rera waƙarta da harshen ƙasarta. Aka ɗage dokar a 1973, sai ga mawaƙan ABBA na ƙasar Suwidin sun ci gasar a 1974 da Ingilishi. Aka maido da ita a 1977, ta zauna har 1998. Mai karatu zai zaci wannan doka gata ce ga ƙananan harsuna. To, amma a duba abin da ya faru a shekarunta na ƙarshe: ƙasar Ailan ta ci a 1992 da 1993 da 1994 da 1996, Birtaniya kuma ta ci a 1997. Dukansu da Ingilishi, domin shi ne harshensu na hukuma. Ashe dokar da aka yi don kare mai ƙaramin ƙarfi, mai babban ƙarfi ta ƙara wa ƙiba, tun da shi kaɗai aka bar wa harshen da yawancin alƙalai ke ji.

Da aka soke dokar a 1999, sai kusan kowa ya ruga wajen Ingilishi. Daga wannan shekara har zuwa 2016, waƙa ɗaya tak ce ta ci gasar ba tare da ta jingina da Ingilishi ba, ita ce ta ƙasar Sabiya a 2007. A ra'ayina, yawancin waƙoƙin wannan tsakani ba su da abin da za a kira adabi. Baitocinsu kamar jimlolin da ɗan aji biyu ke haɗawa ne don kada a kama shi da kuskure: ƙauna, wuta, zuciya, dare, a maimaita. Babu karin magana, babu habaici, babu ƙamshin ƙasar da aka ce ita ake wakilta. Mawaƙi yana furta kalmomin da bai yi wasan ƙasa da su ba, sai a cike giɓin da walƙiyar fitilu da hayaƙi. Kayan aro dai ba ya rufe katara.

Daren da ba zan manta ba shi ne na 2017. Wani saurayi daga Fotugal, Salvador Sobral, ya fito shi kaɗai, babu 'yan rawa, babu hayaniya, ya rera waƙa mai sanyi da harshen Fotugis wadda 'yar'uwarsa ta rubuta. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na ji yadda kowace gaɓa ta zauna daidai wurinta a kan karin. Ya ci gasar, kuma shi ne karo na farko da ƙasarsa ta ci bayan fiye da shekara 50 tana shiga. Bayansa Italiya ta ci da Italiyanci a 2021, Yukren kuma da harshenta a 2022. Abin lura shi ne babu dokar da ta tilasta wa ɗayansu.

Na san wani zai ce, tun da masu jefa ƙuri'a ba sa jin harshen, ai kalmomin ba su da tasiri ke nan. Yana da hujja, domin a 2003 ƙasar Beljiyam ta zo ta biyu da waƙar da aka yi da harshen ƙirƙira, wanda babu al'ummar da ke magana da shi. Haka kuma kowa ya san yadda maƙwabta ke fifita juna, kamar yadda Girka da Saifurus suka sha miƙa wa juna maki 12. Wannan rauni ne babba ga gasar da ke kiran kanta ta waƙa. Sai dai duk wanda ya taɓa auna baiti ya san harshe ba ma'ana ce kaɗai ba. Akwai nauyin gaɓa, da tsawon wasali, da hawa da saukar murya. Wanda ya tsara baiti da harshen da ya sha a nono ya san inda zai ja da inda zai tsaya, kuma kunne yakan gane haka ko da bai san fassara ba.

Dalilin da ya sa na kawo wannan magana gaban 'yan'uwa marubuta ke nan. Mun sha zama a tarurruka muna kukan a yi doka, a tilasta amfani da harshenmu a nan da can. Neman haka ba laifi ba ne, amma tarihin wannan gasa ya nuna doka tana iya riƙe mutum shekara 20 da 'yan kai, ranar da aka sake shi ya sheƙa da gudu. Abin da ya dawo da wasu gida shi ne sun ga ɗaya daga cikinsu ya yi aiki mai kyau da harshensa, duniya kuma ta miƙe ta tafa masa.

Saboda haka, ga ɗalibina da yake kawo mini waƙa da guntun Turancinsa yana ganin ita ce hanyar fita duniya, da kuma matashin marubucin da ke jin kunyar Hausarsa, shawarata ita ce a koma a ƙware. A naƙalci ma'auni, a tara kalmomi daga bakin tsofaffi, a yi ta gyara har baiti ya zauna. Allah Ya yi mana jagora, amin.