Itacen bango: wane itace yaron Kebbe zai manna?

Duk wanda ya leƙa wayar wata malamar rabin aji a ƙarshen shekara zai ga irin bidiyon: an yanka koren kwali mai kusurwa uku, an manna a bango, yara 'yan shekara huɗu suna liƙa masa taurari da auduga a matsayin ƙanƙara. Aikin ya yaɗu a Facebook da TikTok, kuma malaman Tambuwal, Dogon Daji da Kebbe suna riƙe da wayoyi kamar kowa. Abin yana da kyau a ido, ba ya cin kuɗi, yara kuma suna son sa. Ya dace a karɓe shi, sai dai a sake masa itace.

Wancan itacen mai tsini yana da gidansa. Al'adar ƙawata shi lokacin Kirsimeti ta taso ne a Jamus, ta kuma bazu a Ingila bayan wata jaridar Landan ta buga zanen Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert tsaye a gabansa da 'ya'yansu a 1848. A can, sanyi yana kaɗe ganyen mafi yawan itatuwa, shi kuwa yana nan kore shar, shi ya sa ya zama alamar rai. Ga Kiristan da ke bikinsa, abin yana da ma'ana, kuma babu mai ja da hakan. Yaron Kuchi ko Sanyinna kuwa bai taɓa zama a inuwarsa ba. Idan malama ta sa shi ya kwaikwayi siffar, ya koyi riƙe almakashi, amma bai kalli komai ba.

A ba shi kuka mana. Ya san ta tun daga miyar da Inna take kaɗawa, ya san garin 'ya'yanta mai tsami. A ba shi giginya, wadda Sakkwato ta sa wa filin wasanta sunanta, wadda ke ba da muruci da azara. A ba shi ɗorawa, tsamiya, magarya, ko dogon yaron da ke ƙofar makaranta. Sannan ga gawo, wanda shi kaɗai darasi ne: yana zubar da ganye da damina lokacin da sauran itatuwa ke toho, ya yi kore da rani, shi ya sa manomi ke barinsa a tsakiyar gona gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa. A 2025 an yi ƙaramar Sallah ranar 30 ga Maris, kuka tsirara, gawo cike da ganye. Babbar Sallah ta zo ranar 6 ga Yuni, lokacin da lamarin ya fara juyawa. Ajin da ya yi itacen bango a sallolin nan biyu zai yi hotuna biyu daban, kuma yaro zai tambaya: "Malama, me ya sa?" Wannan tambayar ta fi kowane ƙyalƙyali daraja.

Akwai iyayen da za su ɗaga gira da jin maganar zane a bango, kuma damuwarsu ba ta banza ba ce. A nan ma itace ya fi sauƙi. Buhari da Muslim duk sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma ga zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Tambuwal, garin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna ya riƙe, ba baƙon irin wannan magana ba ne. Ƙawata bango ma ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa: ga jeren amarya, kwanuka sahu-sahu har kusa da rufi, ga zanen magina a fuskar soro, ga zayyanar allo ranar saukar karatu.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen kaya. Ana ɗauka sai an aika Sakkwato ko Jega an sayo kwali mai sheƙi da gam na kwalba, idan babu kuɗi kuma a fasa. Alhali bayan kaka, kara yana ko'ina a Kebbe, kuma yaran da ke ƙera mota da shi ba sa bukatar a koya musu sarrafa shi. Kara zai yi gindi da rassa. Ɓawon gyaɗa, ƙwallon magarya, 'ya'yan tsamiya da busasshen ganye za su cike sama. Ƙaro idan aka jiƙa shi gam ne, haka ma kunun sitaci. Launi kuwa ga jar ƙasa, farar ƙasa, gawayi, shuni, lalle, da karan dafi da majema ke rina fata da shi. Tsohon buhu ko kwalin taliya ya isa shimfiɗa. Abin lura kawai, ƙananan ƙwallaye ba na 'yan shekara biyu ba ne, domin baki suke kai komai.

Kuskure na biyu ya fi ciwo: malama ta zauna da dare ta yanka komai daidai wa daida, da safe ta jera yara a gaba a ɗauki hoto don iyaye su gani. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantar ƙananan yara suna kindagatin a 1840, ya sa yankan takarda da naɗe ta cikin karatu ne domin hannun yaro ya yi aiki, yatsun da gobe za su riƙe alƙalami su yi ƙwari. Manhajar ilimin bai ɗaya ta Najeriya ma tana da darasin al'adu da fasaha tun daga firamare. Itacen da reshensa ya karkace, wanda tafin hannu talatin suka dangwala wa jar ƙasa, wani babba wani ƙarami, shi ne aikin ajin. A rubuta sunan kowane yaro ƙarƙashin tafinsa, da boko ko da ajami.

Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, saboda hamada tana matsowa, gatari kuma bai huta ba. Makarantar da ta gama itacen bango tana iya tura yaran su tsinto ƙwallon itacen da suka zana, su dasa a ledar ruwan sha da aka cika da ƙasa, su riƙa ba shi ruwa har damina ta sauka a mayar da shi bayan aji.