Tukunyar Lantarki da Tukwanen Burukutu

A Turai da Amurka da Ostireliya, masu dafa giya a gida sun samu sabon abin yayi cikin shekarun nan: tukunya guda ta ƙarfe mara tsatsa, mai aiki da lantarki, wadda ke cin lita 30 zuwa 35. Tana da abin ɗumama ruwa a gindi, da ɗan famfo mai zagaya da ruwan, da kwandon ƙarfe a ciki inda ake zuba tsiron hatsi, da allo mai nuna zafi. Akwai Braumeister ta kamfanin Speidel a Jamus, akwai Grainfather daga Niyu Zilan, akwai BrewZilla daga Ostireliya. A da sai mutum ya kafa tukwane uku: ta ruwan zafi, ta jiƙa tsiro, da ta tafasa. Yanzu cikin awa huɗu zuwa biyar ya gama komai a tukunya ɗaya, ya sauke wajen lita 23, ya zuba yis, ya jira mako biyu. Doka ce ta share wa wannan sha'awa hanya: Ingila ta soke lasisin dahuwar gida a 1963, a Amurka kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu kan dokar halatta ta a 1978.

Iskar ta kaɗo har Abuja, amma ba da ƙarfi ba. Kamfanin Bature Brewery ya fara da ɗan ƙaramin ƙarfi a wannan birni a 2017, kafin ya koma Legas. Sai dai wanda ke neman dahuwar gida ta gaskiya a Babban Birnin Tarayya, ya bar Maitama da Asokoro ya nufi ƙauyukan Bwari da Kuje da Kwali da Gwagwalada. Tun kafin dokar 1976 ta yanke wannan ƙasa, tun kafin gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991, matan Gbagyi da na maƙwabtansu suna dafa burukutu da dawa, kamar yadda matan Maguzawa ke yi a ƙasar Kano da Katsina.

Ga Musulmi hukuncin giya a fili yake, ba ya buƙatar sharhina, kuma jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun daga Zamfara a 1999 sun hana ta. Abuja ba ta cikinsu. Abin da ke gabana shi ne ilimin da ke cikin sana'ar, domin ilimi ne na dawa, dawa kuwa ta kowa ce. Hujjata ita ce: yawan tukwanen mai burukutu ba ci baya ba ne, dawar ce ta tilasta mata, kuma tukunyar lantarki ba don dawa aka ƙera ta ba.

Giyar hatsi da tsiro take farawa. A jiƙa hatsi, a shimfiɗa shi, a rufe, a riƙa yayyafa ruwa har ya tsira. Yayin tsirowar ne ƙwayar ke samar da wasu sinadarai, inzayim, waɗanda ke mayar da sitaci sukari. Amma ba sa iya aiki sosai sai sitacin ya dahu ya kumbura. A nan sha'ir, hatsin Turawa, ya yi sa'a. Sitacinsa na dahuwa a wajen digiri 60 zuwa 65, kuma a daidai wannan zafi ne sinadaran nasa ke aiki ba tare da sun mutu ba. Saboda haka sai kawai a danna 66 a allon tukunya, a bar famfo yana zagayawa na awa ɗaya. Bugu da ƙari, sha'ir na da ɓawo mai ƙarfi wanda ke zama matata da kansa, ruwan zaƙi ya tsiyaye ta cikinsa tas. Tukunya ɗaya ta isa, domin hatsin ya yarda.

Dawa ba ta yarda. Sitacinta sai zafi ya kai wajen digiri 70, wani lokaci ya doshi 80, kafin ya dahu. Kafin a kai nan, sinadarin da ke samar da mafi yawan sukarin da yis ke ci ya riga ya mutu, shi da dama kaɗan ne a cikin dawa. In ka tsaya a 66 sitaci ɗanye ne. In ka hau sama ka kashe masu aikin. Sannan ba ta da ɓawo irin na sha'ir, don haka garin tsironta kan dunƙule ya toshe kwando, ya kama gindin tukunya ya ƙone.

Dubi yadda mai burukutu ta warware wannan. Bayan tsiron ya yi kwana huɗu ko biyar, ta shanya shi ya bushe ƙayau, ta kai inji a niƙa. Ta dama garin da ruwa a babbar randa, ta bar shi ya kwanta. Ruwan da ya taso sama, ja-ja, shi ne ke ɗauke da sinadaran. Sai ta kwashe shi da ƙwarya a hankali zuwa wata tukunya, ba ta bari wuta ta taɓa shi. Ƙullun da ya kwanta ƙasa shi ta ɗora a murhu, tana juyawa da doguwar muciya har ya dahu ya yi kauri. In ya huce daidai, wanda take ganewa da bayan hannu, sai ta mayar masa da ruwan da ta ajiye. Nan take kaurin ya fara saki, zaƙi ya fito. Duk wadda ta taɓa yin kunun zaƙi ta san wannan dabara: a raba ƙullu biyu, a dama rabi da tafasasshen ruwa, a jira ya sha iska, sannan a zuba ɗanyen mai tsiro ko dankali, a wayi gari ya tsinke ya yi zaƙi. Hanyar ɗaya ce har zuwa nan. Daga nan ne suke rabuwa.

Burukutu kan kwana ya yi tsami, a sake tafasa shi da kyau, a tace, a bar shi ya huce, a zuba ragowar tsohuwar dahuwa wadda ke ɗauke da yis, ya yi kamar kwana biyu yana kumfa. Tsamin nan ma ba kuskure ba ne. Turawa na zuba furen hof mai ɗaci don hana giya lalacewa. A nan tsami ne ke tsare ta daga miyagun ƙwayoyin cuta na ɗan lokacin da za ta yi. Doguwar tafasa kuma na taimakawa wajen korar gubar da ke cikin tohon dawa, gubar nan da makiyaya ke tsoro in shanu suka faɗa wa gyauro.

Manyan kamfanoni sun taɓa cin karo da wannan bango na sitacin dawa. A 1988 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, masana'antun giya na Legas da Kaduna da Aba suka koma ga dawa da masara ala tilas. Irin dawar SK5912 na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, na cikin waɗanda suka dogara da su. Dole suka sauya na'urorin tacewa, suka riƙa sayen inzayim daga waje don cike giɓin da dawa ta bari. Wato abin da injiniyoyi suka warware da kuɗin waje, mata a ƙauye sun daɗe da warware shi da ƙarin randa. Daga wannan sauyi ne dawar manoman Arewa ta samu babbar kasuwa, har a lemukan malt marasa sa maye da ake sha a walima.

Sauran cikas ɗin tukunyar lantarki a Abuja ba sa buƙatar dogon bayani. Tana jan wajen wat 2,000, ƙaramin janareto ba ya ɗaukarta. A Afrilun 2024 hukumar NERC ta kai kuɗin wutar rukunin Band A naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana, amma kuɗin ba shi ne damuwar ba. A ɗauke wuta ana tsakiyar jiƙa tsiro, aikin yini ya tashi a banza. Yis ɗin Turawa yana son digiri 18 zuwa 20, a garin da zafin Maris ke haura 35, sai an haɗa da firiji na mako biyu. Tsiron sha'ir da hof da yis duk daga waje suke, da dala.

Akwai kuma bambancin da ya fi na hatsi zurfi. Mai tukunyar lantarki yakan dafa don nishaɗi, ya ɗura a kwalba, ya ajiye wata da watanni. Burukutu ba ya ajiyuwa: ana shansa yana kan kumfa, in ya ƙara kwana biyu ya zama ruwan tsami. Shi ya sa yake tafiya da ranar kasuwa, da gayya, da biki, da zaman makoki, kuma shi ya sa mata kan raba ranakun dahuwa tsakaninsu don kada su karya wa juna ciniki. Sana'a ce ta ciyar da gida da biyan kuɗin makaranta, dusar kuma ta tafi ga aladu da awaki.

Ba na yi wa tukwanen burukutu kirari ido rufe. Suna cin itace kamar ba gobe, a yankin da dajinsa ke ja da baya gaban gine-gine, kuma matar ce ke shaƙar hayaƙin yini guda. Ruwan ba kullum yake da tsabta ba. Inda gangar ƙarfe ta maye gurbin tukunyar ƙasa, ba kowa ke tambayar me gangar ta ɗauka a da ba. Dahuwar yau ba ta zama daidai da ta jiya, domin bayan hannu ba ya bambance digiri 60 da 68.

A nan ne kawai nake ganin na'urar na da abin bayarwa, kuma ba dukkanta ba. Ma'aunin zafi mai araha, da murhu mai rage cin itace, da mazubi mara tsatsa, za su amfani mai burukutu, su kuma amfani mai kunun zaƙi da ke ɗura wa a robobi tana kaiwa kasuwar Wuse, wadda ita ma zafin ƙullu ne ke yanke mata riba ko asara. Wanda kuwa ya sayo Grainfather da niyyar dafa dawa zalla a Abuja, zai ƙare da neman tukunya ta biyu da zai kwashe ruwan sama a ciki, ko kuma ya yi odar inzayim a kwalba kamar yadda kamfanoni suka yi bayan 1988.