Jinjina ga Mutanen Cinta Mekar

A ƙauyen Cinta Mekar da ke yammacin tsibirin Jawa a Indonesiya, ruwan rafi ne ke juya injin da ke ba da wuta mai ƙarfin kilowat 120. Ƙungiyar IBEKA ta Tri Mumpuni ce ta kawo dabarar, amma jinjinata ta mutanen garin ce. Rabin tashar na ƙungiyarsu ta gama kai ne. Suna sayar wa kamfanin lantarki na gwamnati wutar, su zauna su yanke inda ribar za ta tafi: jawo wa marasa hali wuta, kuɗin makarantar yara, magani, jarin masu ƙananan sana'o'i. Sannu da aiki ga masu kwashe ganye da yashi daga magudanar ruwan, don sai ruwa ya gudana injin ke juyawa.