Kwaikwayo makaranta ne, ba haja ba

Tun bayan rasuwar Sarkin Katagum Alhaji Muhammadu Kabir Umar a Disambar 2017, ana ganin hotunansa na fentin mai a shaguna da zauruka, a Azare da nan zango. Samarinmu ke zana su, Allah Ya sa albarka. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Akasarinsu daga hoton waya ake kwafo su. Fuska sumul kamar ta yaro, fata an haskaka ta, rawani kuwa curin auduga, ba naɗi ba inuwa. Dattijon da ya shekara fiye da talatin a kan gado, an share masa shekarunsa. Wannan ai ba girmamawa ba ce, tauye mudu ne.

Ban ce kada a kwaikwaya ba. Almajiri ma rubutun malaminsa yake bi a allo kafin hannunsa ya faɗa. Aina Onabolu na Ikko, wanda ake kira uban zanen zamani a Najeriya, da kwafar hotunan littattafan Turawa ya fara, kafin ya tafi Landan karatu a 1920. Abin tambaya: wa kake kwaikwaya?

Ku nemi hoton Sarki Muhammadu Alfatih na Santambul, wanda Gentile Bellini ya zana a 1480, yau yana Landan. Ku dubi farin rawanin: kowane naɗi da inuwarsa, inuwar kuma ba baƙa ƙirin ba ce. Ku dubi lanƙwasasshen hancin. Sarki ne mai takobi, amma mai zanen bai miƙe masa shi ba. Wanda ya kwafi wannan sau uku, yana shimfiɗa fenti siriri, ya bari ya bushe kafin ya ɗora wani, zai san abin da waya ba ta koya masa.

Batun hukunci, malamanmu na Malikiyya sun bambanta gunki mai inuwa da hoton shimfiɗe: na farko haram, na biyu makaruhi. Mai tsantseni ya bari. Wanda ya shiga kuwa, to kada ya haɗa karhanci da algus. Ya ajiye kwafin a ɗaka, ya fito mana da fuskar dattijo yadda Allah Ya yi ta. Mu ma masu saye, mu daina cewa "ƙara masa haske".

Allah Ya jiƙan magabata.