Jinjina ga Masu Jirgin Kara

Da an gama girbin dawa a ƙauyukan Anka, Gummi da Bukkuyum, sai kasuwar ƙananan maƙera ta buɗe. Ba su da uwar maƙera, ba su da zugazugi. Reza ce, da kara, da ƙayar aduwa.

Ka tsaya ka kalli sabon shiga. Zai feɗe ɓawon karan a hankali, ya fito da totuwa fara sol, ya yanka gangar jirgi. Siraran ɓawon nan su ne ƙusoshinsa, da su yake soke fiffike da wutsiya. Sau uku fiffiken na karkacewa, sau uku yana warwarewa, yatsa na jini bai ko kula ba. Taya kuwa tsohon silifa ne aka yanko. Sannan ya murza yumɓu ya gina direba, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gyaɗa, ya shanya, ya shafa masa gawayi a kai, bula a riga. Wai ai direban jirgi ba ya zama babu hula!

A Ingila, tun shekarun 1950 kamfanin Airfix ke sayar da ƙaramin jirgin Spitfire na roba a gutsure, sai dai yaro ya manna ya yi fenti. Namu shi ke ƙirƙiro gutsattsarin da kansa, ba takardar bayani, sai abin da ido ya hango a sama. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero a Kano, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur. Yaran nan nake tunawa duk sanda aka ambace shi.

Sannunku da aiki, 'yan samari.