Suna da Ganye: Sharhi a kan Yadda Ake Karanta Littattafan Maganin Gargajiya na Ƙasar Sin

1.0 Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, lokacin da aka ba Tu Youyou rabin kyautar Nobel ta fannin likitanci, ake ta maimaita wata magana cewa maganin gargajiya na Sinawa ya ci jarrabawar kimiyya. Manufar wannan takarda ita ce ta auna wannan magana ta fuskar harshe. Ra'ayina shi ne an ɗora wa labarin kayan da ba zai iya ɗauka ba, an kuma tsallake wurin da ya fi shafar manazarta harshe, wato matani da sunayen tsirrai.

2.0 Matanin Ge Hong

A ranar 23 ga Mayu 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na asiri don neman maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda ke kwantar da sojoji a yaƙin Biyetnam. Tu Youyou ta shiga aikin a 1969. Ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen magani fiye da 2,000 daga tsofaffin littattafai da bakin masu magani, suka gwada ɗaruruwa a jikin ɓeraye. Ganyen da ake kira qinghao yana cikinsu, amma sakamakonsa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya.

Abin da ya warware matsalar shi ne sake karatu. A cikin wani ɗan littafin magungunan gaggawa da Ge Hong ya rubuta a ƙarni na 4, umarnin da aka bayar shi ne a jiƙa ganyen a ruwa, a matse shi, a sha ruwan. Ba a ambaci wuta ba, alhali yawancin magungunan Sinawa dafa su ake yi. Tu Youyou ta fahimci cewa wataƙila zafi ne ke ɓata aikin, sai ta koma tatsar ganyen da sinadarin eta, wanda ke tafasa a wajen digiri 35. A watan Oktoba 1971 samfuri na 191 ya kawar da ƙwayar cutar gaba ɗaya daga jinin ɓerayen, a 1972 kuma aka ware sinadarin atemisinin.

Ke nan nasarar ta rataya ne a kan aikatau biyu, jiƙawa da matsewa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba, domin harshensa ya bambanta jiƙo da tsimi da dafuwa da surace. Mai fassarar da ya haɗe su duka ya ce "a sha" ya zubar da maganin tun a kan takarda.

Duk da haka, masu cewa al'ada ta yi rinjaye sun manta cewa daga cikin haɗe-haɗe sama da 2,000 ganye ɗaya ne ya kai gaci. Kuma abin da ake bayarwa a asibitocinmu tun da Nijeriya ta sauya tsarin jinyar wannan zazzaɓi a 2005 ƙwaya ce mai awo, wadda aka haɗa dangin atemisinin da wani magani na biyu kamar lumefantirin, don kada ƙwayar cutar ta saba da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan shan ganyen a matsayin shayi, saboda yawan sinadarin yana bambanta daga wannan shuka zuwa waccan.

3.0 Matsalar Suna

A nan ne nake ganin sharhin da ake yi ya fi rauni. Li Shizhen, wanda ya kammala babban kundinsa Bencao Gangmu a 1578, mai ɗauke da magunguna 1,892, ya kawo qinghao da huanghuahao a matsayin tsirrai biyu. Da masana tsirrai na baya suka zo liƙa musu sunayen Latin, sai suka ba qinghao sunan Artemisia apiacea, suka ba huanghuahao sunan Artemisia annua. To, atemisinin mai amfani a cikin Artemisia annua yake. Da masu bincike sun tsaya a kan ƙamus kawai, da sun yi ta tatsar ganyen da ba shi ba ne.

Wannan kuskure ɓata lokaci kawai zai jawo. Wanda ya faru a Beljiyam ya fi muni. A farkon shekarun 1990, wani asibitin rage ƙiba a birnin Birasels ya riƙa ba mata wani haɗi da ya kamata ya ƙunshi Stephania tetrandra, wadda Sinawa ke kira han fang ji. Abin da ya shiga haɗin shi ne Aristolochia fangchi, wadda ake kira guang fang ji. Sunayen biyu sun yi tarayya a kan fang ji, a kasuwa kuma akan yar da kalmar farko mai bambanta su. Mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda, da yawa suka koma wankin ƙoda ko dashe, wasu kuma ciwon daji na mafitsara da hanyoyin fitsari ya biyo baya. An fara bayar da rahoton a 1993. Masanin ma'ana zai kira wannan kalma ɗaya mai nuni ga abubuwa biyu, ya wuce. A wajen matan nan kuwa, ƙoda ce.

Mu ma ba mu tsira ba. A 2020, da Madagaska ta fito da wani tsimi na Artemisia annua tana cewa maganin korona ne, nan da nan aka fassara ganyen da tazargade, aka kuma bazama nemansa a kasuwa. Amma Artemisia dangi ne mai ɗaruruwan iri, kuma mai sayar da busasshen ganye a Sabo, a nan kudu, da suna yake ciniki. Tun 1916 Dalziel ya buga ƙamusinsa na sunayen tsirrai a Hausa. Sake bin sa ƙauye-ƙauye, tare da masanin tsirrai da mai magani, a rubuta wane ganye ake nufi a Katsina, wane a Damagaram, aiki ne da ke jiran sassan harsunan Nijeriya.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon jadawalin cututtuka na duniya, wanda ya ƙunshi babi na 26 a kan kalmomin maganin gargajiya masu asali daga Sin. Masu suka sun ji tsoron a ɗauki shigar kalma cikin jadawali a matsayin shaidar cewa maganin yana aiki. Hukumar ta bayyana cewa babin na ƙidaya da rubuta bayanai ne. Jadawalin ya fara aiki a 2022.