Ba sa'a ba ce: damben Foreman da Moorer

Duk sadda anka tado zancen damben George Foreman da Michael Moorer a fada, sai ka ji wani ya ce: "Tsohon nan sa'a ya yi, naushi guda ne." Ni ban yarda ba, kuma ga hujjata.

An yi wasan ran 5 ga Nuwamba 1994 a Las Vegas, Amurka. Foreman shina da shekara 45, Moorer 26. Moorer bahago ne, ba a taɓa cin shi ba, kuma a watan Afrilu na shekarar ya amshe kambun duniya na masu nauyi daga hannun Holyfield. Turmi tara shina jibgar tsoho har idonshi na hagu ya kumbura. Alƙalai ukun duk sun ba Moorer gaba: biyu 88 da 83, guda 86 da 85. A turmi na goma, hannun daman Foreman ya sauka bisa haɓarshi, ya faɗi, anka ƙirga goma bai tashi ba.

To ina dabarar? Ku kalli wasan tun farko, kar ku tsaya ga ɗan guntun bidiyon WhatsApp. Foreman ya san ba shi iya tsere da yaro, sai ya adana numfashi. Shina kai naushin hagu ta gefe don ya hana Moorer zamewa ta can, ya kora shi wajen hannun dama. Mu da munka san damben gargajiya mun san wanga: hannu guda garkuwa ne da awo, mai zaren shi ne na kisa. Mai horon Moorer, Teddy Atlas, ya yi ta gargaɗinshi kar ya tsaya gaban tsohon. Bai ji ba, daɗin cin turmi ya ɗauke shi.

Darasin ga kuwa Foreman ya saye shi da tsada. A 1974, a Kinshasa, shi ne yaro mai ƙarfi, Muhammad Ali ya jingina da igiya ya bar shi ya ƙare ƙarfinshi, ya kada shi a turmi na takwas. Shekara 20 bayan nan, Angelo Dundee, mai horon Ali a wancan dare, shina kusurwar Foreman.

Sai dai kar mu zuzuta abin fiye da kima. Dabarar da ke buƙatar mutum ya sha duka turmi tara a kai tana da haɗari, kuma da Moorer ya yi ta zagaye turmi ukun da sunka rage, da shi ya ci. Wayon tsoho ya yi aiki ne don yaro ya ba shi ƙofa.

Ƙorafina ga yadda muke kallo ne. Nan Tawa anka fara kokowar takobin ƙasa a 1975, Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauka, amma har yau in an kada mutum sai mu ce asiri ne ko sa'a. Wa ke zancen kafin ƙafa, da riƙon ƙugu, da yadda ɗan kokowa ke gajiyar da abokin karawa? Ƴan uwa masu rubutu, in za mu rubuta wasa, mu kalle shi tun daga turmin farko.